Kafin In Hura Wuta

Kafin in hura wuta
sai na duba ganyen darbejiyar ƙofar gida.
In yana motsi,
ko da motsin da bai isa korar ƙuda ba,
na san yau hayaƙina zai sami hanya.
In ya tsaya cik kamar zane a jikin bango,
sai in ce wa Nazifi ya ɗauki takalmansa,
ya tafi gidan Goggo Barira, can bayan kanal,
inda ba mai ɗora tukunyar gumi.

Shekarata goma sha ɗaya ina gumin shinkafa
a nan Kura, a unguwar da kowane gida
da rabin duro a kan murhu.
Itace ya fi ƙarfinmu, ɓuntu muke turawa.
Shi kuwa ɓuntu ba ya ci da harshe,
a ciki yake cinsa,
kamar mai fushin da ya ƙi magana.

Da asubar sanyi hayaƙi ba ya hawa sama.
Na gidana ya fito, na gidan Uwale ya fito,
su tarar da na injin casar Alhaji Tasi'u
da na karan shinkafar da aka cinna wa wuta jiya a fadama,
su gaisa,
su kwanta daidai tsayin katanga
kamar an kifa wa gari faifai.
Ladan kan yi gyaran murya sau biyu
kafin ya kai ƙarshen kiran salla.
Sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗumama,
sannan ya ɗaga,
a hankali, kamar baƙon da bai gama hira ba.

An ce a birni akwai na'urar da ke auna iska.
Tawa tana kwana a gefena.
In na kara kunne a bayan yaron nan
na ji wani siririn fito,
irin na butar shayi in ta kusa tafasa,
ba sai an karanta mini lamba ba.

Malama Sa'adatu ta asibiti
ta miƙo mini abin shaƙa mai shuɗin murfi,
ta ce, ki raba shi da hayaƙi.
Na ce, to.
Ban ce mata kuɗin abin shaƙar
daga cikin hayaƙin ya fito ba.
Ta sani. Na ga yadda ta sunkuyar da kai tana rubutu.

Ranar da ta fi kowace rana
ita ce ta bazara, in hadari ya haɗu a gabas,
ya yi baƙi, ya ƙi zuba.
Iska ta ɗauke.
Wanki ya bushe a igiya da ƙauri,
kaji su buɗe baki a gindin randa,
ni da yaron mu zauna muna ƙirga numfashi.

Amma bari ya zubo!
Dare ɗaya ya wanke sama tas kamar ƙwarya.
Da safe har ƙarfen sabis na hanyar Zariya ake hangowa.
Nazifi ya bi ƙwallo har bakin gonar tumatir,
ya dawo da taɓo a gwiwa, yana dariya,
ba fito, ba haki.
Sai dai kashegari ɓuntun ya jiƙe,
jiƙaƙƙen ɓuntu kuwa ya fi busasshe ɗaci.

Yau buhu shida ke jirana.
Na jiƙa su tun daren jiya,
shinkafar da ta sha ruwa kuwa ba ta san haƙuri ba.
Mai kayan zai turo mota bayan la'asar.
Goggo Barira ta tafi suna Bunkure.

Ashana na hannuna.
Yaron na barci, bakinsa a buɗe.
Can a ƙololuwar darbejiya
ganye ɗaya kamar ya motsa,
ko kuwa idona ne.